Kafin Ka Sa Ƙafa Cikin Jirgi

 'Ya'yana samarin Gwandu da Kalgo, magana nake so mu yi a kan ruwa da neman abinci a cikinsa, don na lura hirarku ta karkata can a 'yan kwanakin nan. Majalisar da duk na gifta sai in tarar an haɗa kai bisa waya ɗaya, ana kallon Turawa cikin jirgi suna jawo ƙaguwa daga teku, ana lissafin dalar da suke samu a 'yan makonni, ana juya ta zuwa naira ana riƙe baki. Har na ji wani yana cewa shi da zai samu hanya, ko sallama ba zai tsaya yi ba. Ban ga laifinku ba. Saurayin da ya ga taki ya gagari aljihun ubansa, ambaliya ta kwashe shinkafar fadama irin ta 2020, albasa ta ruɓe tun kasuwa ba ta tashi ba, dole idonsa ya leƙa waje. Ni ma ba zan ce ku zauna ba. Fita neman na kai gado ne a wurinmu, ci-rani kuma ba yau aka fara shi ba. Abin da nake so shi ne duk wanda zai doshi ruwa, babban ruwa ko ƙarami, ya san abin da ke kashe mutane a cikinsa tun bai tashi daga gida ba.

Wurin da kuke gani sunansa Tekun Bering, tsakanin jihar Alaska ta Amurka da ƙasar Rasha, kuma yawancin hotunan daga wani shirin talabijin suka fito mai suna Deadliest Catch, wanda aka fara nunawa a 2005. Ƙaguwar can ba irin 'yar mitsitsiyar da yara ke tonowa a bakin gulbi ba ce. Akwai wadda in ta miƙe ƙafafu takan wuce mita ɗaya, namanta kuma da tsada ake sayensa a Amurka da Japan. Da hunturu ake kamunta, daga watan Oktoba har cikin Janairu da Fabrairu, lokacin da rana ke leƙowa ta ɗan jima ta koma. Mutum 5 zuwa 7 ne a jirgi guda. Tarkon da suke jefawa aikinsa ɗaya da gurar masuntanmu, a sa kifi a ciki, ƙaguwa ta shiga ta kasa fita, sai dai nasu na ƙarfe ne, tsawo da faɗi wajen mita biyu-biyu, kuma ko ba komai a cikinsa nauyinsa ya haura kilo 300. Jirgi kan ɗauki 100, wani har 200, a jibge su bisa juna su yi tsiri a saman jirgin.

Ku dubi yadda tarko ɗaya ke hawowa. Jirgi na tangaɗi, mutum ɗaya ya jefa ƙugiya ya kamo igiyar tarkon, a sa ta a inji ya jawo. Tarkon ya fito daga ruwa yana lilo a sama, mutum biyu su tarbe shi da hannu su daidaita shi, a buɗe, a juye ƙaguwa a kan tebur a tsince. Mata da ƙanana a mayar da su ruwa, don manyan maza kaɗai doka ta yarda a ɗauka. A sa sabon kifi, a rufe, a sake tura shi teku. A daidai lokacin nan igiya ke warwarewa a guje tana bin tarkon ƙasa, kuma duk wanda ƙafarsa ta faɗa cikin naɗinta tare za su tafi. Daga wannan sai na gaba, sai na gabansa, awa 18, wani lokaci 20, kafin a ce a je a runtsa. Yatsa ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya karye, a ɗaure a koma aiki, don asibiti na can nesa. Ruwan kuwa dab yake da daskarewa. Wanda ya faɗa ciki, ko gwanin iyo ne, cikin 'yan mintoci hannuwansa ke sandarewa, a jefa masa igiya ya kasa riƙewa.

Duk da haka ba igiya ko faɗawa ruwa ne suka fi cin rayuka a can ba, kifewar jirgi ce, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Iskar hunturu kan kwaso feshin teku ta watsa a jikin jirgi, nan take ya daskare. Ƙanƙara ta yi ta taruwa a kan tarkunan da aka jibge, saman jirgi na ƙara nauyi, ma'aikata su fito da guduma suna fasa ta, suna fasawa tana sake taruwa. Wanda ya taɓa ganin motar albasa da aka yi wa lodi har ya wuce kanta ta zo shan kwana, ya san abin da ke biyo baya. Ranar 11 ga Fabrairun 2017 wani jirgi mai suna Destination ya nutse da mutum 6, ko kiran neman agaji ba su samu yi ba. Tarko 200 ya ɗauko. Masu bincike suka gano tarkunan sun fi nauyin da aka yi lissafin jirgin da shi, kuma an fita duk da gargaɗin da aka yi na iska mai daskarewa. Daren 31 ga Disamban 2019 wani mai suna Scandies Rose ya bi bayansa, ƙanƙara ta taru masa a gefe guda har ya karkata ya kwanta. Cikin mutum 7, biyu suka tsira, su ne waɗanda suka samu shiga rigar kariya suka kai ga ƙaramin jirgin ceto.

A shekarun 1990 kaɗai mutum fiye da 70 suka mutu a wannan sana'a ta ƙaguwar Bering. A zamanin, buɗe kamu ake yi na 'yan kwanaki, wani lokaci uku ko huɗu, kowa ya kwashi iya ƙarfinsa kafin a rufe. Saboda haka kowane mai jirgi ya loda tarko iya yadda zai iya, ya fita ko da iska na kaɗa me. A 1999 masu gadin gaɓar tekun Amurka suka fara hawa jirage tun a tasha, suna ƙirga tarkuna, suna duba kayan ceto, wanda ya wuce ƙa'ida a ce ya sauke. A 2005 kuma aka yanka wa kowane jirgi kasonsa, ya kama a tsanake ba tare da tsere ba. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Sanyin tekun na nan yadda yake, iskarsa ma haka. Lodi aka rage, gaggawa aka rage, rayuka suka saura.

To, yanzu ku ajiye wayar mu dawo gida. Ranar Laraba 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zai je Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jiharmu, ɗauke da mutum fiye da 150. A tsakiyar kogin Kwara ya tsage ya nutse. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, aka yi kwanaki ana tsamo gawawwaki ana binnewa a bakin ruwa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, suka ce tsohon jirgi ne, an ɗora masa mutane da babura da buhuna fiye da ƙarfinsa. A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a ruwan Shagari, nan maƙwabtanmu a jihar Sakkwato. A watan Yunin 2023 sama da 100 suka tafi a Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Babu ƙanƙara a Wara, babu a Patigi. Amma abin da ya kifar da jirgin Bature a Alaska, shi ne ya tsaga na ɗan'uwanmu a nan: kaya fiye da ƙima, da mai jirgi da ke ganin in ya bar mutum ɗaya a gaɓa ya yi asara, da fasinjoji da ma'aikata da suka gani suka yi shiru.

Shirun nan shi ya fi damuna, don na san daga inda yake fitowa. Mu mutane ne masu kunya. An rene mu kada mu musa wa babba, kada mu nuna tsoro a gaban jama'a. Na taɓa tsayawa a wata kwata ranar kasuwa ina kallon lodi. An jera buhunan shinkafa a ƙasa, aka ɗora babura a kai, aka cusa awaki, sannan mutane suka hau bisa kaya, mai jirgi na ta kiran, "Ku matsa, ku matsa, akwai wuri!" Wani yaro na tsakiya da gwangwani yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako, tun ba a tashi ba. Sai wata tsohuwa mai sayar da banda ta miƙa hannu ta gefen jirgin, ta auna tsakanin bakinsa da ruwa. Bai kai faɗin tafinta ba. Ba ta ce wa kowa uffan ba, ta ɗauki kwandonta ta tako waje. Wani saurayi ya ce, "Inna, kin fi mu son ranki ne?" Ta ce, "A'a ɗana, na dai fi ka daɗewa bakin ruwan ga." Jirgin ya isa lafiya ran nan. Irin wannan isa lafiyar ce ke ruɗin mutane, don gobe mai jirgi zai ƙara buhu biyu, ya ce ai jiya ma an wuce.

Na san amsar da ke bakinku, don wani cikinku ya taɓa ba ni ita: "Baba, ai in kwana ya ƙare, ko bisa katifa kake sai ka tahi." Gaskiya ne, ɗana, babu mai ƙara wa kansa numfashi ɗaya. Amma kai da ka faɗi haka, ba ka taɓa barin babur ɗinka a kasuwar Jega ba ka kulle ba, ka ce in rabonka ne ba mai ɗauka. Addininmu bai yarda mutum ya kai kansa ga halaka ba, kuma matuƙin da ya ga jirgi ya cika ya ƙara mutum, amanar rayuka ya ci, za a tambaye shi. Ka yi bisimilla, ka yi addu'ar hawa, sannan ka leƙa gefen jirgi ka ga inda ruwa ya tsaya. In ya matso baki, ka fito. Fitowar ba ragonci ba ce, kuma sau da yawa in mutum ɗaya ya tashi, uku sukan biyo shi, jirgin ya yi sauƙi ga waɗanda suka zauna.

Kakanninmu na ruwa ba da ka suke shigarsa ba. Ni ɗan tudu ne, a Gwandu na tashi, amma kawunnaina na wajen uwa masunta ne a fadamar Kalgo, a gabansu na ga yadda ake ladabi da gulbi. Sarkawa da Kabawa sun yi suna tun da daɗewa, suna haura Kwara har ƙasar Nijar da Mali, su gangaro da banda zuwa kasuwannin kudu, a jiragen da ba inji. Yaro ba ya riƙe taru sai ya iya iyo, ba ya tuƙi sai ya daɗe yana kwarfe ruwa. Akwai Sarkin Ruwa, in ya ce an rufe gurbi kaza, an rufe ke nan har ranar da zai buɗe. Ku dubi Argungu. Bikin kamun kifin nan da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, asirinsa ɗaya ne: kogin Matan Fada a rufe yake har ranar su, kuma ran nan ma homa da gora kawai ake shiga da su. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai kilo sama da 70. Goran nan da masunci ke kwanciya a kai, ma'ajin kifi ne, kuma shi ne abin da ke riƙe shi bisa ruwa in ya gaji. Ashe rigar kariya ba baƙon abu ba ce a wurinmu, siffarta ce kawai ta sauya.

Yau kuwa sai ka ga saurayi ya ɗinka gidan sauro ya mai da shi taru, yana kwashe 'ya'yan karfasa da ko ɗan yatsa ba su kai ba, wani ya zuba gamalin a gurbi, kifi ya taso matacce, shanu su sha, mutane su sha. Ruwa na ƙarewa, 'ya'yana. A watan Oktoban 2022 hukumar Alaska ta soke kamun wani nau'in ƙaguwar ɗungurungum, karo na farko a tarihi, bayan biliyoyinta sun ɓace cikin 'yan shekaru saboda ɗumamar teku. Masu jiragen miliyoyin dala suka ɗaure su a tasha, ma'aikata suka watse neman wani aiki. In teku mai wannan girma ya iya yin fako, ina ga gulbinmu da tuni madatsun Bakolori da Goronyo suka sauya masa tafiya?

Ku na Gwandu musamman nake jiye wa. Ɗan Kalgo ya buɗe ido ya ga fadama, ko bai gaji su ba ya san ruwa na da rami. Ɗan tudu kuwa iyonsa na tafkin bayan gari ne da damina, inda in ya gaji sai ya dire ƙafa. Tafkin Kainji ba haka yake ba. Da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya shanye daji da garuruwa, kututturen itatuwan na nan a ƙasa har gobe, in ruwa ya ja baya su ne ke fasa cikin jirgi, kuma da dare ba mai ganinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukuma ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar kariya. Ga iskar farkon damina, wadda ke tasowa da la'asar ba sallama, cikin ƙanƙanin lokaci ruwan da ke kwance ya tashi tsaye. Ga dorina a yankin Yawuri, mai ɗa ba ta haƙuri da jirgin da ya matso. Ga tsargiya da ke shiga jikin mai daɗewa tsaye cikin ruwa, ya yi ta fitsarin jini yana cewa ba komai, alhali maganinta na nan a asibiti. Ka koyi iyo na gaske wurin masu shi kafin ka tafi. In ka iya kuma kada ka saki jiki, masunta da kansu ke cewa gwani ruwa ke ci. Rigar kariya ka saye ta da kuɗinka, ka ɗaure igiyoyinta, kada ka mai da ita matashin zama. Kuɗinta bai kai na wayar da ke hannunka ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta ja hankalinku tun farko. Ma'aikacin jirgin ƙaguwa ba albashi gare shi ba, kaso gare shi. Sai an sayar, an cire kuɗin mai, da na abinci, da na kifin da aka sa a tarko, mai jirgi ya ɗauki nasa, sannan a raba saura, sabon shiga ya samu mafi ƙanƙanta. In an yi sa'a ya dawo da abin kirki, in ba a kama ba ya sha sanyin banza. Wanda ya dawo da hannu biyu ba a cika nuna shi a waya ba. Tsarin nan kuwa shi ne namu, a Kainji ne ko a Tafkin Chadi, har ma namu ya fi ɗaurewa. Wani yaro na unguwarmu ya bi wani uban gida zuwa tafki. Jirgi na uban gida, inji nasa, kalli nasa, shi ke ba da mai da gari da sabulu, duk a rubuce. Kifin da aka kama ba a sayar wa kowa sai shi, a farashin da ya yanka. Kalli ya yage, a rubuta wa yara. Rashin lafiya ta kama ka, a saya maka magani a rubuta. Da yaron nan ya ce zai zo gida, aka buɗe littafi, sai ga shi shi ake bi. Kuɗin mota ma wani ɗan garinmu ne ya ranta masa. Ya dawo da idanu jajaye saboda hayaƙin banda, da tari da ya daɗe bai sake shi ba.

Ba duk iyayen gida ne haka ba, akwai masu tsoron Allah da suka aurar da yaransu suka saya musu jirgi. Amma kai ba ka san wanda za ka faɗa hannunsa ba, don haka ka yi magana tun a tudu. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, garin karatu, kuma malamanmu sun koya mana cewa ƙwadago ba ya inganta sai an san aikin, an san ladan. Ka tambaya: kasona nawa ne, kafin a cire kuɗin mai ne ko bayan an cire? Asarar kaya a kan wa take? In na yi ciwo fa? In na so tafiya, yaushe zan iya? A faɗa a gaban shaidu biyu, ɗaya naka. Ka riƙe ɗan littafinka kai ma, duk abin da ka karɓa ka rubuta a ranar, ko da ajami ne. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Game da Chadi kuma, tun harin Baga na Janairun 2015 har yau ana kashe masunta a tsibiran tafkin. Ni dai ba zan sa wa ɗana albarka ya nufi can ba sai ƙura ta lafa.

Zaman jirgi kuwa wani zama ne daban. Mutum biyar, tukunya ɗaya, bukka ɗaya a tsibiri, sauro ɗaya ke cizonku. Babu inda za ka ɓoye halinka. In rowa gare ka, kwana uku an sani, in raki ne ma haka. Dokar da na ji daga kawunnaina ita ce ba a faɗa cikin jirgi. Kome zafin maganar, a haɗiye sai an taka ƙasa, don mutum biyu in suka miƙe tsaye cikin kwalekwale, sauran ma sun shiga uku. Wanda ka zaga da safe, shi ne zai miƙo maka sanda in ka faɗa da dare. Ka zaɓi abokin tafiya da kyau, mai salla, mai jin magana, wanda ba ya wasa da aikinsa na kwarfe ruwa don yana ganin ƙaramin aiki ne. In kai ne sabo, ka yi haƙuri da aike da tsawa, ka sa ido ka ga inda manya ke ajiye ƙafa in ana sakin taru. In ka zama tsohon hannu, kada ka rama a kan na bayanka, yaron da aka tsorata ba ya faɗin cewa ya ga ruwa na shigowa.

Ina roƙonku da girman Allah ku nisanci ƙwaya. Na san abin da ake cewa, wai tramol na sa a kwana ana jan taru ba gajiya. Gajiyar na nan, jinta ne kawai aka ɗauke maka, kuma jin gajiya shi ke gaya wa mutum ya zauna kafin ƙafarsa ta zame. Barci ya kifar da jirage a Alaska, ya kifar a nan. Matuƙin da idonsa ya yi ja, harshensa ya yi nauyi, kada ka hau jirginsa ko kyauta ne.

Akwai kuma masu zuwa muku ta Facebook da WhatsApp, wai suna ɗaukar ma'aikatan jirgin kamun ƙaguwa a Amurka ko Kanada, a turo kuɗin fom da na biza. Ku sani dokar Amurka ta ce kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan jirgin kamun kifinta su zama 'yan ƙasa ko masu izinin zama na dindindin, kuma 'yan can ɗin ma tasha suke zuwa da ƙafarsu suna bin jirage suna roƙon a gwada su. Ba wanda zai tsallake su ya zo Kalgo neman wanda bai taɓa ganin teku ba. Kada ka sayar da gonar gado ko saniyar mahaifiyarka ka tura wa lambar da ba ka san fuskar mai ita ba. Wani haɗarin ya ma fi asarar kuɗi: akwai jiragen ƙasashen waje da ke ɗaukar matasan Afirka da Asiya, a karɓe fasfo, a yi watanni ba a taka ƙasa ba, don wani jirgin ke zuwa ya kwashe kifin a tsakiyar teku. Abin ya yi yawa har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya ta musamman a 2007, mai lamba 188, wadda ta ce sai an ba masunci takardar sharuɗɗan aiki, da lokacin hutu, da magani, da hanyar komawa gida. Fasfonka ya zauna a jikinka. Takardar da ba ka fahimta ba kada ka sa mata hannu, ga jami'ar tarayya nan a ƙasar Kalgo, ba za a rasa wanda zai karanta maka ita ba.

Wanda kuwa zuciyarsa ke kan ruwa da gaske, akwai ƙofar gaba. A New Bussa akwai kwalejin tarayya ta koyon aikin kifin ruwan daɗi, da cibiyar bincike a kansa, tafiyar yini ce daga nan. A Legas akwai kwalejin kifi da fasahar teku a Victoria Island, a Oron ta jihar Akwa Ibom akwai makarantar koyon aikin jiragen ruwa, hukumar NIMASA kuma ita ke ba da takardar shaidar ma'aikacin jirgi. A irin waɗannan wurare kafin a bar ka ka hau jirgi sai an koya maka kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda ake tsira in jirgi ya nutse. Hanyar na da tsawo, sai da takardar sakandare da haƙuri, amma wanda ya bi ta da sunansa a rajista yake fita. Wanda bai samu wannan ba, kiwon tarwada a kududdufin siminti ko na leda sana'a ce da ake ci da ita yanzu a garuruwanmu, kuma da daddare a ɗakinsa yake kwana.

Abu na ƙarshe ya shafi waɗanda za ka bari a gida. Ba kowace gawa ruwa ke mayarwa ba, kuma jiragenmu ba a cika rubuta sunayen waɗanda suka hau ba, shi ya sa bayan kowane haɗari ake ta saɓani a kan adadi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar da mijinta ya ɓace ba a san inda yake ba, in ta kai magana gaban alƙali, shekara 4 ake yanka mata ta jira, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuma ba a raba ta da wuri. Na ga yarinya a wannan hali, ba ta da miji ba ta kuma rabu da aure ba, surukarta kullum kunne na kan ƙofa. Don haka kafin ka tashi, ka zaunar da mahaifinka ko yayanka, ka faɗa masa sunan uban gidanka da garinsa, da kwatar da kuke tashi, da tsibirin da kuke sauka, da lambar mutum biyu da ke tare da kai. In kun sauya wuri ka kira ka faɗa. Bashin da ke kanka da wanda kake bi ka rubuta ka bar wa matarka. In da hali ku tafi ku biyu daga gari ɗaya, ku kuma yi alkawarin ranar da za a riƙa jin muryarku a gida, ko Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, yadda in Juma'a biyu ta wuce shiru za a san a tashi a bi sawu.